Buzun Sarkin Magina a Ƙarƙashin Tanki

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku da ƙafarta. Wanda ya san ya fi kowa iya raba gardama ya matso kusa, yau akwai aikinsa.

Akwai wani gari a bakin fadama, sunansa Kwarin Maje. Ƙasar garin baƙar laka ce. Da rani ta bushe ta dare har akuya ta karye a tsagar, da damina ta koma kamar talge. An ce ta taɓa haɗiye jakanya da kayanta, bayan shekara uku ta maido ta da ɗa a gefe. Ni ban ga jakanyar ba, amma na gaisa da wanda ya hau jikanta.

Mutanen da ke zaune a kan irin wannan ƙasa ba sa wasa da magini. Tun kaka da kakanni suna da al'ada: duk ginin da zai ɗauki nauyi, ranar da za a ɗora masa nauyin, Sarkin Magina zai shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashi, ya zauna daga hantsi har a kira la'asar. In ginin ya tsaya, ya tashi ya karkaɗe rigarsa. In bai tsaya ba, ba sai an wahalar da alƙali ba. Shi ya sa ba a taɓa samun maginin da ya yi wa garin ha'inci sau biyu ba.

A zamanin da nake ba ku labari, rawanin yana kan wani dattijo, Jatau, shekara talatin da ɗaya. 'Ya'yansa uku, kuma babu wanda ya ɗauki cokalin gini a cikinsu, abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ke nan. Na fari, Tunau, haƙar rijiya ya kama: uba yana ɗaga ƙasa sama, ɗa yana bin ta ƙasa. Da yake ɗan fari ne, Jatau bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan", shi kuma bai taɓa haɗa ido da uban ba, balle ya musa masa magana. Ta biyu, Kuluwa, boko ya ɗauke ta har ta zama injiniya a birni, tana kifa hular kwano a kan ɗankwali. Auta, Bagudu, wanzami ne, bakinsa ya fi askarsa kaifi.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo ta haƙa wa garin rijiyar burtsatse. Ko'ina aka huda gishiri-gishiri, sai a wani ɗan fili a bakin fadamar aka sami ruwa mai daɗi. Aka kawo tanki mai cin jarka dubu biyu, za a ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe huɗu masu tsawon giginya. Harsashin kuwa aka ba Jatau. Ya haƙa zuwa ƙugu, ya ga ƙasa ta yi tauri, ya zuba dutse da siminti kamar yadda ya saba. Ranar cikawa ya shimfiɗa buzu. Ruwa bai kai rabi ba, ƙafar gabas ta fara nutsewa, tanki ya sunkuyo kamar zai gaishe shi. Jatau ya tuna ashe ya iya gudu. Ya kusa tsira sai wani ƙarfe ya same shi a ƙwauri, ƙashi ya karye biyu.

Mutanen ƙungiya suka ce za su sake gwadawa sau ɗaya tak, kafin ruwa ya sauka. In ya sake faɗuwa, ko damina ta riske su ba a gama ba, za su kwashe kayan su kai wani gari, Kwarin Maje ta koma shan kududdufin da ke kwashe mata yara da amai da gudawa kowace shekara. Mai gari ya zo duba Jatau, ya yi masa sannu da jiki, ya daɗe yana yabon buzun da ke rataye a bango. Jatau ya gane. Kakanni bakwai, babu wanda ya taɓa ƙin zama. In ya ƙi, ba mai sake kwana a ɗakin da ya gina, kuma rabin garin shi ya gina. In ya zauna, wannan karon babu ƙafar gudu.

Tun daga ranar abinci ya daina wuce masa. Ya zauna a zaure ya miƙe ƙafa, yana kallon inda tankin ya faɗi, yana lissafin taku nawa ne daga tsakiyar ƙafafun zuwa waje. Taku tara ne. Ya gwada da sanda a tsakar gida, ya ga kafin ya yi tara ɗin an isa a yi masa wanka da sutura.

To, ku ji abin da Kuluwa ta yi. Da labari ya same ta, ta ajiye aikinta ta taho. Ta dubi ramin, ta dubi takardar awon ƙasar da ƙungiya ta yi, ta ce, "Baba, ko dutsen Dala ka zuba a nan, laka za ta sha shi. Ba ƙarin nauyi take so ba, shimfiɗa take so." Ta sa aka kai shi bakin tabo a amalanke. Ta zuba tsakuwa a kan tabon ta taka, tsakuwar ta watse gefe, ƙafarta ta nutse har idon sawu. Ta kifa wata tsohuwar rariya, ta zuba tsakuwa a kai, ta taka. Kowane dutse ya faɗa ido ya maƙale, ba wanda ya sami hanyar gudu, ƙafar ta tsaya a sama. Ta ce akwai wata raga ta roba mai taurin tsiya, ba ta ruɓewa a ƙasa, su a wurin aiki jiyogirid suke ce mata. A haƙa rami mai faɗi, a shimfiɗa ta a ja ta ta miƙe, a zuba tsakuwa a daɓe, a sake shimfiɗa wata a sake daɓewa. Sai tsakuwa da raga su zama faifai guda, nauyin da zai soki wuri ɗaya ya bazu ko'ina. Jatau ya ce, "Wato ni da na gina masallacin Juma'a, rariya ce za ta cece ni?" Ta ce, "Ita ce, Baba." Ya yarda, domin babu wani a duk faɗin ƙasar da ya zo masa da ko da cokali. Ta zana hawa biyu, a daidai inda aka yi na farko, ta ce ya isa.

Ku ji kuma abin da Tunau ya yi. Shi ya san ƙarƙashin Kwarin Maje fiye da yadda ya san samanta, rijiya arba'in da ɗoriya ya haƙa a garin. Ya san taurin da uban ya gani ɓawo ne kawai, kamu biyu. Ƙarƙashinsa laka ce gaba huɗu. Ya kuma san daidai ƙafar gabas akwai tsohuwar rijiya da aka cike da shara tun yana goye, ramin awon ƙungiya kuwa a yamma aka huda shi, inda ƙasa ta fi kirki. Duk wannan ya san shi tun karon farko. Amma ta yaya ɗan fari zai tsaya gaban ubansa, Sarkin Magina, ya ce masa bai san ƙasa ba? Ya yi ta kewaya zaure kwana uku a wancan karon, yana gyaran murya, har aka zuba siminti. Wannan karon da ya ga zanen ƙanwarsa, ya ga tsinin fensirinta a kan bakin rijiyar nan, sai ya kira ta gefe.

Ta ce, "Yaya, takarda ba ta nuna haka ba."

Ya ce, "Takardar ta taɓa shiga rami?"

Ba ta yarda ba. Sai ya ɗauki dagi da igiya, ya haƙa ɗan siririn rami a wurin, ya shiga da kansa cikin ƙasar da kowane mahaƙi ya san tana rufta wa da mutum. Sau biyu gefe yana zubo masa har wuya. Da azahar ya fito da guga cike: baƙar laka mai wari, da fasasshen tulu, da ƙahon rago. Ya dire a ƙofar zaure inda uban zai gani, ya juya wa zauren baya, ya gaya wa bango duk abin da ya sani. Jatau ya dubi gugan, ya ce wa Kuluwa, "Gaya wa wancan na ji." Kuluwa ta yaga zanenta. Ta matsar da ginin taku goma sha biyu yamma, ta ninka faɗin ramin, ta mai da hawa biyu hawa biyar. Ta faɗa da bakinta: da an bi na farko, da raga da tsakuwa da tanki da buzu duk rijiyar za su tafi. Ta aika birni a kawo naɗi shida.

Saura kwana goma sha takwas a wa'adin da ƙungiya ta bayar, gabas ta fara haɗa gira da yamma-yamma. Aka kira gayya, aka haƙa ramin a kwana biyu. Ranar da aka gama, Kuluwa tana birni neman injin daɓe, Jatau yana wani ƙauye wurin maɗori, Tunau yana cikin rijiyar wani. A ranar mota ta sauke naɗi shida, baƙaƙe, kowanne ya fi mutum biyu tsawo, ta juya.

A Kwarin Maje kuwa dokar gayya sananniya ce: kaya na mai aiki ne, abin da aka naɗo kayan da shi, buhu ne, igiya ce, leda ce, na 'yan gayya ne. Mutane suka kewaye naɗin nan, suka ce lallai abin da ke ciki mai daraja ne, dubi irin naɗin da aka yi masa. Suka yi ta warwarewa, suna warwarewa, har suka isa tsakiya, suka tarar da doguwar gorar kwali. Suka ɗauki gorunan nan shida da bisimilla, suka kai zauren Sarkin Magina, suka lulluɓe da tabarma kada raɓa ta taɓa. Naɗin kuma suka sa wuƙa suka raba, gida-gida, cikin adalci, ba wanda aka zalunta.

Da Jatau ya dawo ya ɗaga tabarma, ya ƙwanƙwasa gora ɗaya, ya leƙa ta wannan kai ya hango kaza ta wancan. Kuluwa ta iso da la'asar, ta duba, ta zauna a ƙasa da hular kwanonta. Ta buga waya birni, aka ce wani naɗin sai bayan sati shida. Mai gari ya sa aka yi shela: duk wanda ya ɗauki raga ya maido. Ko tsinke ba a maido ba. Ba don mugunta ba. Abin gayya halal ne, wanda ya maido kuwa ya amsa sunan ɓarawo ke nan a gaban surukansa. Ban da haka, garin bai taɓa ganin shingen awaki mai kyan wannan ba. Kwana uku ana shela, kwana uku kowa yana jajanta wa Jatau da zuciya ɗaya, yana cewa Allah ya tona asirin waɗanda suka yi wannan aiki.

Sai ku ji abin da Bagudu ya yi. Wanzami ba a yi masa shamaki. Suna, kaciya, ƙaho, cire belu, babu gidan da bai san bayansa ba. Ya san wa ya yi akurki da ragar, wa ya kewaye lambu, wa ya ɗaure ta a gado maimakon igiya, wa ya kai ta kogi tana kama masa tarwaɗa. Bai roƙi kowa ba, bai zargi kowa ba. Ranar Juma'a da safe ya shimfiɗa tabarmar aski a gindin durumi. Na farko da ya zauna Ladan ne, mai shingen awaki. Bagudu ya jiƙa masa kai, ya karkata masa wuya, ya ɗora aska daidai maƙogwaro, ya ce, "Malam, ina taya ka murna. Ashe kana cikin waɗanda za su taya Baba zama."

Ladan ya ce, "Wane zama?"

"Ƙarƙashin tanki mana. Ai ka fi ni sani, al'ada ce: duk wanda wani abu na ginin ya kwana a gidansa ranar ɗora nauyi, ya zama abokin gini, da buzunsa zai zo. Kada ka motsa, Malam, askar sabon wasawa ce. Na ƙirga ku, ku sittin da uku ne. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ko ba komai ba zai tafi shi kaɗai ba."

Wannan al'ada, in gaya muku gaskiya, ba ta girmi kumfar sabulun da ke kan Ladan ba. Amma wa zai ce bai san al'adar garinsu ba? Kafin a hau huɗuba, dattawa uku sun tuna kakanninsu sun taɓa yin irin zaman. Kafin la'asar, raga ta fara dawowa bakin rami da ƙafarta: ba wanda aka gani ya kawo, sai dai a waiga a ga ta ƙaru. Wata da gashin akuya, wata da ƙarnin kifi, wata da kashin kaji.

Kuluwa ta baje su, ta auna, ta ware guntayen da suka yi ƙanƙanta. Allah ya taimaka, masu rabon sun yanka ta dogaye-dogaye, kuma da ma ta saye da rara. Ta sa aka wanke, aka shimfiɗa, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa kamu biyu, aka ja aka kafe da turaku, gaɓar hawan sama ba ta faɗa kan gaɓar na ƙasa ba. Aka zuba tsakuwa mai kaurin taƙi guda, inji ya daɓe, inda inji bai kai ba matan garin suka shiga da madaɓai suna waƙa. Hawa biyar. Jatau da kansa ya zuba kankaren, yana dogara sanda, bai bar kowa ya taɓa masa cokali ba. Aka jira ya kama, aka ɗaga ƙarafa, aka ɗora tanki. A daren jajibirin cika tankin aka yi yayyafin farko, ƙasa ta yi ƙamshi, ba wanda ya yi murna.

Da hantsi aka kewaye wurin da igiya, gari duka ya tsaya a bayanta. Jatau ya yi alwala, ya yafe wa kowa, kowa ya yafe masa. Ya ɗaura zaren awonsa mai dalma a tsakiyar ƙarafan, tsinin dalmar yana lilo daidai kan wata ƙusa da aka kafa a kankare. In ginin ya karkata, dalma za ta bar ƙusa. Ya shimfiɗa buzu, ya ajiye sandar nesa, tunda ba ta da amfani. Aka kunna famfo.

Sai ga wata tsohuwa, Iya Tasalla, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya da 'yar tabarmarta. Ta ce, "Jatau, matsa."

"Iya, ina za ki?"

"Akwai guntu a bakin akurkina, muzuru ya dame ni, ban mayar ba. An ce al'ada ce. Ni ban taɓa karya al'ada ba."

Jatau ya ɗaga ido ya nemo autansa a cikin taro. Bagudu ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. In Jatau ya ce babu wannan al'ada, ya mai da ɗansa maƙaryaci, ya mai da dattawa uku abin dariya a gaban jikokinsu. Ya roƙe ta, ta ce ta girme shi da shekara ashirin, kada ya koya mata zama. Ya matsa. Yanzu rai biyu ne a ƙarƙashi.

Ruwa yana zuba a sama, ƙararsa tana sauyawa daga ta kwano zuwa ta tulu. Jatau bai ɗauke ido daga dalma ba. Da ruwa ya kusa rabi, daidai inda na farko ya gaishe shi, ƙarfe ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kare. Taro ya ja da baya. Dalma ta gusa daga kan ƙusa kamar faɗin ƙwayar gero. Jatau ya ji karayarsa tana zogi, ya fara kalmar shahada a hankali. Iya Tasalla ta ciro goro ta ɓare, ta miƙa masa rabi, ta ce, "Ci, bakinka ya bushe." Ya karɓa, bai san ya karɓa ba. Azahar ta yi, suka yi salla a zaune a wurin. Wani ɗigo ya faɗo masa a rawani, ya ɗauka shi ke nan. Ya sake duban dalma: tana nan a ƙwayar geronta, ba ta ƙara ba. Inuwa ta juya, ta yi tsawo. Ruwa ya tumbatsa ya zubo ta bututun sama, ya jiƙa su sharkaf. Ladan ya kira la'asar, ya ɗan yi sauri kuma, Allah ya yafe masa.

Jatau ya yunƙura bai iya tashi ba, sai da tsohuwar ta kama shi. Da ya fito daga igiya, kafin kowa ya yi masa barka, ya warware jiƙaƙƙen rawanin, ya ɗora cokalin gini a kai, ya ajiye gaban mai gari. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na zauna zamana na ƙarshe. A ba wanda ya cece ni a cikin yaran nan. Rawani ɗaya ne, ba ya yankuwa kamar raga."

Nan fa gari ya rabu uku. Masu son Kuluwa suka ce ba don ita ba, wa ya san ana shimfiɗa wa ƙasa raga? Aka ce musu, ita ce ta zana ginin a bakin rijiya, ita ce kuma ta aiko da kaya ba ta gaya wa kowa kamanninsu ba. Masu son Tunau suka ce shi ya shiga ramin da zai iya zama kabarinsa, ba don shi ba da ilimin birni ya tafi da tsoho ƙasa. Aka ce musu, kunyarsa ce ta karya ƙafar uban tun farko. Masu son Bagudu suka ce da zane da rami duk da gorar kwali za su ƙare, shi ya maido da abin da mai gari da shela suka kasa, ba tare da ya kunyata gida ko ɗaya ba. Aka ce musu, da ƙarya ya yi, ƙaryar kuma ta zaunar da tsohuwa a bakin lahira.

Rawanin yana nan a zauren mai gari, ya bushe, har gizo-gizo ya fara yi masa tasa ragar. Kuma ku tuna kafin ku buɗe baki: wanda kuka naɗa, shi zai shimfiɗa buzu a gini na gaba.

To, tsakanin Kuluwa da Tunau da Bagudu, wa za a naɗa?